Kafin a Kunna Kyamara: Tambayoyi da Amsoshi kan Ba Kamfanin Bidiyo Aiki

Na daɗe ina aiki tsakanin masu ba da kwangilar bidiyo da masu ɗauka a Kano. Wani lokaci ni ke riƙe da takardar kasafi, wani lokaci ni ake kira in raba gardama bayan an gama. Tambayoyin nan su ne suka fi zuwa mini daga 'yan kasuwa, masu makarantu, ma'aikatan ƙungiyoyi da iyayen amare, kuma na bar su kusan yadda ake yi mini su. Abin da na lura shi ne, rigimar da ke tashi ranar da aka kawo bidiyo, galibi tushenta wata magana ce da ba a yi ba tun kyamara tana cikin jaka.

Wayata tana ɗaukar hoto tas. Dole ne sai na kira kamfani?

Ba dole ba ne, Hajiya. Idan turaren wuta ko atamfa kike sayarwa, kuma burinki masu lambarki su riƙa ganin sabon kaya kullum a WhatsApp, wayarki ta wadatar. Ki goge gilashin kyamarar, ki tsaya kusa da taga da hantsi, ki kashe fanka, ki yi magana yadda kike yi wa mai saye a shago. Sau da yawa irin wannan ya fi jawo ciniki, domin mutane sun san fuskarki da muryarki.

Ana kiran kamfani ne idan aikin ya fi ƙarfin hannu ɗaya: tallan da za a kai gidan talabijin, shirin da za a yi hira da mutane a garuruwa daban-daban, rahoton da ƙungiya za ta nuna wa masu ba ta tallafi, ko taron da in ya wuce ya wuce, irin ɗaurin aure, naɗin sarauta ko saukar karatu. Mafi yawan kuɗin da za ki biya na sauti ne da haske da tsara labari, da kwanakin da edita zai yi a gaban kwamfuta.

Su wa za su zo, kuma mene ne aikin kowannensu?

Furodusa shi ke riƙe da kuɗi da jadawali, shi za ka riƙa kira. Darakta shi ke yanke yadda labarin zai tafi da inda kowa zai tsaya. Sai mai kyamara, mai sauti, mai fitila, da edita, wanda ba lallai ka gan shi a wurin ɗauka ba amma a hannunsa tarin hotuna ke zama bidiyo. A ƙaramin aiki mutum ɗaya yakan haɗa biyu ko uku, ba laifi. Wanda ba na yarda a haɗa aikinsa da na kowa shi ne mai sauti, muddin akwai magana a bidiyon. Mai ido a kan hoto ba ya jin lokacin da makirufo ya fara gogar riga.

Ta yaya zan gane kamfani na ƙwarai?

Kusan kowane kamfani zai turo maka ɗan haɗi na minti ɗaya, inda aka tsinto mafi kyawun hotunansu aka jera da kiɗa. Ka kalla, amma kada ka yanke hukunci da shi. Ka ce su ba ka aiki biyu ko uku cikakku, daga farko har ƙarshe, masu kama da wanda kake so. Sannan ka yi abin da nake yi: ka kunna ɗaya, ka kife wayar a kan tebur, ka saurara kawai. Idan kana jin mai magana sarai, babu gurnanin janareta, babu amsa-kuwwar ɗaki, murya ba ta hawa da sauka, to waɗannan sun san aikinsu. Mai kallo yakan yi haƙuri da hoton da bai fita sosai ba, amma da ya kasa jin abin da ake faɗa sai ya wuce gaba.

Bayan haka ka nemi lambar mutum biyu da suka taɓa yi wa aiki, ka kira su da kanka. Tambaya uku ta isa. Sun kawo aikin ranar da suka ce? Sun nemi ƙarin kuɗi a tsakiya? Suna ɗaga waya bayan an biya su? Ka duba sunansu a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, binciken ba ya cin minti biyar. Ka taka zuwa ofishinsu, gani ya kori ji. Kuma ka tambaya ƙarara: wanda ya ɗauki wannan aikin da kuka nuna mini, shi ne zai zo nawa? Akwai inda za a nuna maka aikin gwani, ranar ɗauka a turo maka yaron da ke koyo.

Kano gari ne na 'yan fim. In ka bi titin Gidan Zoo za ka ga ofisoshinsu da situdiyoyinsu a jere, gwanaye kuma birjik. Sai dai iya shirya fim mai dogon zango daban, iya sayar da sabulu cikin daƙiƙa 30 daban, iya zama da manomi a gindin bishiya har ya saki jiki ya yi magana shi ma daban. Ka nemi wanda hannunsa ya faɗa a irin aikinka.

Me zan tanada kafin in je wurinsu?

Takarda shafi ɗaya, ko da hannu ka rubuta. Wa kake so ya kalli bidiyon? A ina zai kalla, a waya ko a talabijin ko a majigi a ɗakin taro? In ya gama kallo me kake so ya yi? Yaushe kake buƙatarsa? Nawa ka ware?

Mai makaranta yakan zo ya ce mini, "Malam, bidiyon makarantata nake so." Wannan ba ya kai mu ko'ina. Amma in ya ce, "Ina so iyayen unguwannin da ke kewaye da mu, masu yara 'yan shekara 4 zuwa 6, su ga ajujuwanmu da malamanmu a Facebook kafin a dawo hutu a watan Satumba, su kira wannan lambar," to rabin aikin ya ƙare. Darakta ya san safiya zai zo lokacin da yara ke shiga, ya san fuskar malamar aji ta fi ginin ofis amfani, ya san dole a ɗauka kafin a rufe makaranta.

Wurin da na fi shan fama da manyanmu shi ne saƙo ɗaya. Alhaji yana so a sa tarihin kamfani, da hoton mahaifinsa da ya kafa shi, da rassa bakwai, da kaya iri goma sha biyu, duk cikin rabin minti. Niyya ce mai kyau, amma mai kallo ba zai fita da komai ba. Ka ɗauki rubutun tallan ka karanta da ƙarfi, agogo a hannu, a hankali yadda mai karanta labarai ke yi. Nan take za ka ga abin da daƙiƙa 30 ke iya ɗauka. Sauran a yi musu wani bidiyon.

Nawa ake kashewa?

Duk wanda ya yanka maka farashi a waya kafin ya tambaye ka komai, kintace ya yi, kuma ɗayanku zai cutu. Abubuwan da ke ɗaga kuɗi sanannu ne: kwana nawa za a yi ana ɗauka, wuri nawa za a je, mutum nawa za su zo, hayar kyamara da fitilu, mota da mai, masauki da abinci in za a bar gari, man janareta, kuɗin jarumi ko mai karanta talla, zane mai motsi, fassara, sai kwanakin tacewa. Ka nemi a rubuto maka kowanne da kuɗinsa a gabansa. In ka karɓi irin wannan daga kamfani uku, za ka ga wanda ya fi araha me ya cire. Sau tari mai sauti ne ko kwanakin edita.

Mun saba a kasuwa mai saye ba ya bayyana abin da ke aljihunsa. A nan ka ɗauka magini kake magana da shi. In ka faɗa masa abin da ka tanada, zai gaya maka ɗaki nawa zai fita. In ka ɓoye, zai zana maka bene ku ɓata sati biyu. In kuɗin bai kai ba, a rage wurare, a matse ɗauka ta koma yini ɗaya, a bar jirgin ɗaukar hoto daga sama. Kada a taɓa sauti da tacewa, araha ba ta ado.

Ka kuma tambaya farashin nan zuwa yaushe yake aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na janareta ba sa zama wuri ɗaya, kuma takardar da aka rubuta wata uku da suka wuce ba lallai ta ɗauki aikin yau ba.

Sun ce sai na ba da kafin alƙalami. Haka ake yi?

Haka ake yi. Kamfani zai yi hayar kaya, ya kama mota, ya riƙe ranar mutanensa tun bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. Tsarin da na fi gamsuwa da shi kashi uku ne: rabi ranar sa hannu, wani kaso in an nuna maka haɗin farko (wato bidiyon da edita ya fara haɗawa kafin gyara), ciko ranar da aka miƙa aiki. Kada ka biya duka tun farko, ko ɗan'uwanka ne. Kada kuma ka riƙe cikon mutane bayan sun gama. Akwai yaran da suka yini a rana suna jan waya da ɗaukar fitila, da wannan cikon ake sallamarsu. Ka tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, ka karɓi rasit.

Mai kamfanin abokina ne tun muna yara. Sai mun rubuta yarjejeniya?

Ranka ya daɗe, saboda abotar ma ya fi kamata a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Ka ba da rabin kuɗi kana bin sa aiki, shi kuma yana bin ka ciko, bashi ne ta kowane ɓangare. Na ga aminai sun daina gaisawa a kan bidiyon minti uku, alhali babu maƙaryaci a cikinsu. An ce za a kawo aiki "bayan Salla". Ɗaya ya ɗauka satin da ke biye ne, ɗayan kuwa yana nufin in ya sauke bidiyon bukukuwan da suka taru masa bayan Salla.

A ƙaramin aiki shafi biyu da Hausa sun isa, kowa ya sa hannu da shaidu biyu. A rubuta bidiyo nawa ne da tsawon kowanne, ranar ɗauka da ranar miƙawa da kwanan wata, jimlar kuɗi da yadda za a biya, sau nawa za a yi gyara, wa ke biyan mota da abinci, wa zai nemo izinin wuri, me zai faru in ruwan sama ko rasuwa ta sa an ɗage, nawa za a mayar in ɗaya ya fasa, da kuma wa ya mallaki abin da aka ɗauka. In aikin babba ne, na ƙungiya ko na gwamnati, a kai wa lauya ya duba.

Tunda ni na biya, ai bidiyon nawa ne ko?

A nan mutane da yawa suke mamaki. Biyan kuɗi kaɗai ba ya mayar da haƙƙin mallaka hannunka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 tana ɗaukar wanda ya tsara yadda aka shirya bidiyo a matsayin mai shi, sai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban, kuma miƙa wannan haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Ka ga in babu takarda, kai za ka ce kuɗinka ne ya yi aikin, shi ya ce mutanensa da kayansa ne. Layi ɗaya ya kashe maganar: da zarar an biya ciko, haƙƙin mallakar bidiyon ya koma ga wane.

Sai ɗanyen hoto, wato duk abin da kyamara ta ɗauka kafin a tace. Kamfanoni da yawa ba sa bayar da shi sai da ƙarin kuɗi, kuma suna da hujjarsu. In kana tunanin wata rana za ka so a sake yanka wani talla daga ciki, ko ka kai wa wani edita, ka yi cinikinsa tun yanzu, ka sayi ma'ajiyar kwamfuta ta hannu ka kawo a zuba maka. Su ma za su so su nuna aikin a shafinsu don neman wasu masu ba da aiki. In ka yarda, a rubuta. In ba ka yarda ba, a rubuta.

'Yata za ta yi aure. Ba na son in ga bidiyonta yana yawo a TikTok. Ya zan yi?

Mama, wannan maganar ki yi ta ranar ciniki, a gaban mai kamfanin, kuma ta shiga takarda: ba za a sa ko daƙiƙa ɗaya a Instagram ko TikTok ko wani wuri ba sai da izininku. Dokar da na ambata tana tare da ke, domin ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto ko bidiyo don amfanin gidansa ikon hana a yaɗa shi. Amma in abu ya riga ya fita ba ya dawowa, don haka ki ƙara da sharaɗin cewa yaran kamfanin ba za su ɗauka da wayoyinsu ba. Yawanci ta nan yake zurarewa.

Don kamu da sa lalle da wunin mata, ki tambaya ko suna da mata masu ɗauka. Akwai su, kuma sun iya. Ki tambaya har da wanda zai tace, domin edita yakan yi kwanaki yana kallon abin da aka ɗauka a cikin gida. Sannan ki wakilta mace ɗaya daga dangi ta tsaya kusa da mai kyamara tana nuna mata mutane: wannan ce kakar amarya, waccan ce gwaggon da ta taso daga Damagaram. In ba haka ba, za a cika bidiyon da 'yan matan da suka fi kwalliya, a bar tsofaffin da za ku fi nema nan da shekara goma.

Zan iya sa waƙar da nake so a ƙarƙashin tallana?

In ba ka nemi izinin mai ita ba, a'a. YouTube da Facebook suna da na'urar da ke gane waƙa, suna iya kashe sautin ko su sauke bidiyon, mai waƙar kuma yana da ikon bin haƙƙinsa. Ko kamfanin ya sayi kiɗa mai lasisi ya ba ka shaidar, ko a sa mawaƙi ya yi maka taka, wanda a Kano abu ne mai sauƙin samu. A rubuta da shi cewa waƙar ta tallanka ce, da inda za ka yi amfani da ita.

In kuma ba ka son kiɗa sam, saboda addini ko saboda masu kallonka, ka faɗa tun kafin ranar ɗauka. Bidiyo marar kiɗa da sautin wuri yake tsayawa, ƙarar keken ɗinki, zubar hatsi a buhu, muryar yara a aji, kuma sai an ɗauko waɗannan da gangan.

Akwai izinin da ake nema?

Akwai, kuma ya danganta da aikin. Talla a Najeriya tana ƙarƙashin hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, kuma ƙa'ida ita ce a kai talla a tantance kafin a sake ta, har da ta intanet. Tun 1 ga Oktoba 2022 hukumar ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a matsayin fuskar talla ko muryarta. In abinci ne ko magani ko kayan shafa, har da maganin gargajiya, sai da amincewar NAFDAC a kan abin da za a faɗa. Ina roƙon masu magani musamman: kada ku sa a ce yana warkar da abin da ba ya warkarwa, marar lafiya ne zai ji ya bar asibiti. In aikin fim ne ko waƙa a Kano, akwai Hukumar Tace Finafinai ta jiha, wadda ke aiki tun 2001, kuma kamfanin da ya san kansa yana da rajista da ita.

Jirgin nan marar matuƙi da ke ɗauko hoto daga sama shi ma yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano a cikin gari yake, ga barikoki, don haka ba ko'ina ake ɗaga shi ba. Ka tambayi kamfanin takardarsu.

Sai izinin da ba ya cikin doka amma ya fi saurin tsayar da aiki. In za a ɗauka a Kantin Kwari ko Dawanau, a fara gaida shugabannin kasuwa. In ƙauye ne, a fara da gidan dagaci ko mai unguwa. Duk wanda fuskarsa za ta fito yana magana a gaya masa inda za a nuna, ya yarda. Yara kuma sai da yardar iyayensu. Ma'aikatan ƙungiyoyi, ku dubi Allah a nan: matar da ta karɓi tallafi ba ta sayar muku da mutuncinta ba, in ta ce ba ta so a bar ta.

Wane lokaci ya fi dacewa da ɗauka, kuma ni mene ne aikina ranar?

A waje, hantsi da bayan la'asar. Rana tsaka tana sa ido ya shige duhu, goshi ya yi ƙyalli. Lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, sama takan yi fari fat, hoton nesa ya dushe. Bazara tana jiƙa riga da gumi, kyamara ma takan yi zafi ta tsaya. Damina ta fi kyan gona da korama, amma in ruwa ya sauka a kan rufin kwano babu hirar da za ta yiwu. A lissafa lokutan salla a jadawali, a san Juma'a rabin yini ce, tallan Salla kuma a ɗauke shi kafin azumi ya kama.

Aikinka shi ne ka share musu hanya. Wuri ya zama a gyare tun daren jiya, kaya a goge, waɗanda za su yi magana su san lokacinsu. A kai janareta nesa, a tanadi doguwar waya. Wata rana a wani injin casar shinkafa mun zaunar da mai wurin, an saita fitila, an maƙala masa makirufo, sai mai sauti ya cire abin kunnensa ya girgiza kai. Injin yana aiki a bayan bango, babu wanda ya shirya a kashe shi, ga manoma a layi da buhunansu. Muka zauna har azahar, da aka tsaya salla muka ɗauki hirar cikin minti ashirin. Da an yi maganar tun farko, da an sa hirar da sassafe kafin a tayar da inji.

In ka ga abin da bai yi maka ba, ka ja furodusa gefe ka gaya masa a lokacin. Kada ka tsaya bayan mai kyamara kana ba da umarni, kada kuma ka yi shiru sai an kwashe kaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: in an riƙe kayanka ba daidai ba, ko an faɗi sunansa a karkace, kai kaɗai za ka gane.

In sa fitaccen jarumi a tallan?

In kuɗin ya kai kuma masu sayenka suna girmama shi, yana jawo ido. Amma na sha ganin an tuna jarumin an manta kayan. Kuɗin fitowarsa daban, kuɗin sawa a shafinsa daban. A rubuta tsawon lokacin da za ka yi amfani da fuskarsa, da cewa ba zai tallata kayan abokin gasarka a wannan lokacin ba.

An kawo mini haɗin farko, akwai abubuwan da ban so ba. Sau nawa zan iya cewa a gyara?

Abin da aka rubuta, kuma zagaye biyu shi ne abin da na saba sawa. Haɗin farko ba a gama shi ba, launi da sauti ba su zauna ba tukuna. A wannan matakin ka duba tsarin labari: abin da aka fara da shi, abin da aka bari, abin da ya yi tsawo. Zagaye na biyu na ƙananan abubuwa ne, suna, muƙami, lambar waya, farashi. Lambar wayar nan ka kira ta da kanka daga abin da ke rubuce a bidiyon.

Na taɓa riƙe aikin wata ƙungiya inda mutum shida suke turo gyara, kowa da saƙon muryarsa, wasu da tsakar dare. Wannan ya ce a tsawaita jawabin shugaba, wancan ya ce a cire shi. Edita ya yi ta sakawa yana cirewa har sati uku, bidiyon ya rasa kai da gindi, taron da aka yi shi dominsa ya zo ya wuce. Tun daga nan ba na fara aiki sai an nuna mini mutum ɗaya da maganarsa ce ta ƙarshe. Ku zauna ku kalla tare, ku yi gardamarku a ofis, ku fito da takarda ɗaya. Kowane gyara da lokacinsa: a minti 1 da daƙiƙa 12, a cire hoton sito. "Bai yi armashi ba" ba ya gaya wa edita inda zai sa hannu. Ka faɗi abin da ya dame ka, ko da ba ka san maganinsa ba, shi zai nemo.

Ka kuma bambance gyara da sabon aiki. Sauya rubutun da ka riga ka amince da shi, ko cewa a koma a ɗauko sabon reshe, wannan ƙarin kuɗi ne, kuma adalci ne a biya.

Kwana nawa tacewa ke ci?

Ta fi ɗauka daɗewa nesa ba kusa ba. Yini ɗaya na ɗauka yana iya cin sati ɗaya ko biyu a gaban edita, shirin da ke da hirarraki da fassara ya fi haka. Jinkirinka wajen mayar da amsa shi ma yana cikin lissafi.

Sun ce za su yi mini da 4K. Ina buƙatarsa?

4K ya ninka cikakken HD sau huɗu a yawan ɗigon hoto, yana kuma ba edita damar matso da hoto ba tare da ya fashe ba. Amma in a waya za a kalla, mai kallo ba zai bambance ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsaye ko kwance. Talabijin da YouTube kwance suke so, 16:9. TikTok da sitatus na WhatsApp tsaye, 9:16. In kana son duka biyun ka faɗa kafin a ɗauka, domin in aka yanka na kwance ya koma tsaye daga baya, rabin mutane da kaya suna fita daga hoton.

Rubutun Hausa da ke fitowa a kan bidiyo fa?

Ka sa ido sosai. Yawancin salon haruffan da editoci ke so ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su sa k da d da b su wuce. Masaukin da ya rubuta yana maraba da "baki" maimakon "baƙi" ya faɗi wata magana daban. A zaɓi haruffa masu lanƙwasa, a ba wanda ya iya ƙa'idar rubutu ya duba. In an rubuta tallan da Turanci aka fassara, a ba mai sayar da kayan ya karanta da baki, duk inda harshensa ya sarƙe a sake. In kuma kasuwarka ta kai Maraɗi da Damagaram, ka tuna farashi da sefa suke lissafawa, rubutun boko na hukuma kuma da Faransanci suka saba, ko da yake Hausar ɗaya ce ke haɗa ku.

Sun karɓi kuɗi, ranar ta wuce, ba sa ɗaga waya.

Ka fara da saƙo a rubuce, cikin mutunci, da sabuwar rana ƙayyadajjiya. In bai yi ba, ka je ofis da shaidun da suka sa hannu. In 'yan ƙungiyar masu shirya fim ne irin MOPPAN, shugabanninsu sukan shiga tsakani. Bayan nan akwai kotun ƙananan basussuka, wadda Kano na cikin jihohin da ke da ita, kuma takardarka da rasit su ne hujjarka. Kada ka fara da zagi a Facebook. Ɗanyen hotonka yana hannunsu, kuma wani lokacin rashin lafiya ce ko kwamfuta ta mutu, kunya ta hana su faɗa.

An gama. Me zan karɓa kafin in biya ciko?

Babban kwafi mai cikakken inganci, da ƙaramin da zai bi WhatsApp ba tare da ya cinye data ba. Na tsaye da na kwance in kun yi da su. Kwafi ɗaya marar rubutu da lambar waya a kai, don ranar da lamba ko farashi zai sauya. Shaidar lasisin kiɗa, takardun yardar waɗanda suka fito, da ɗanyen hoto in yana cikin ciniki. Kada ka yarda babban kwafin ya zo ta WhatsApp a matsayin bidiyo, domin yana matse shi ya rage masa kyau. A zuba maka a filashi ko a turo a matsayin fayil. Ka kalla daga farko har ƙarshe a waya da kuma a talabijin kafin ka tura kuɗin.

Ka tambaye su wata nawa suke ajiye aiki kafin su goge, domin ma'ajiyarsu cika take yi. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina shekara biyu bayan bikinta, mahaifinta ya rasu. Ta tuna ranar da za a kai ta ya yi mata nasiha a zaure, mai kyamara yana tsaye, amma a bidiyon da aka ba su an yanke wurin saboda tsawo. Muka je kamfanin tare. Suka karɓe mu da mutunci, suka duba ma'ajiya uku a gabanmu, ashe an goge tun bara an zuba wani bikin a kai. Ranar da aka miƙa maka aiki, ka kwafe shi gida biyu, ɗaya a ma'ajiyar hannu, ɗaya a intanet, ka ba wani a gidan ya san inda suke.